Kalmar "da": me take nufi a inda kuka zauna?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya muna waya da ƙanwata da ke karatun likita a Rasha, wata ta yi mata magana, sai na ji tana ta "da, da, da", ta yi tsit. Na kasa kunne ina jiran sauran zancen. Wai "i" take cewa. Mu a wajenmu "da" ba ta tsayawa ita kaɗai, sai ta jawo wani abu: shinkafa da wake, ni da kai. Waɗanda suka zauna cikin wasu ƙabilu, kowa ya faɗi abin da kunnensa ya ji, ban da na ƙamus.

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba sai an ƙetare ruwa ba. Ki hau danfo daga Agege zuwa Oshodi, kwandasta zai miƙo miki hannu ya ce "owo da?", wato ina kuɗi? A Yarbanci "da" tambaya ce, ina abu yake. Wani yaro da na kawo daga gida, ranar farko da aka ce masa "owo da?" sai ya ce "da me?" Har yau a rumfa Da-me ake kiransa.

Abu Maryam: A Sudan kuwa nuni ce, "wannan". "Da shinu?" mene ne wannan. "Az-zol da", mutumin nan. Idan mace ce sai ta koma "di". A kasuwar Omdurman da ita na riƙa ciniki kafin Larabcin titi ya zauna min a baki, nuni da yatsa da "da" sun ishe ka sayen tumatir. Masarawa ma haka suke faɗa. Na ziyarci Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru ta kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, can za ka ji ta Hausa da ta Larabci a bakin mutum guda.

Likitan Kharkiv: Hajiya, ki tambayi ƙanwarki "da nyet". Da i ce, nyet a'a ce, a haɗe kuma ma'anarsu a'a. Mu da muka baro Yukren a 2022 mun san a Kharkiv "da" ta fi yawa a titi, amma da Yukreniyanci "tak" ake cewa.

Alhaji Mai Takalma: To ku matsa 'yan boko, mai asara ya zo. A Guangzhou ta ƙasar Sin "da" kalmar kasuwanci ce. Idan ka sauke murya da ƙarfi, babba kenan, da ita nake neman takalmi mai babbar lamba, don ƙafar mutanenmu ta fi tasu. Idan ka lanƙwasa muryar ta yi ƙasa ta dawo sama, duka kenan, kuma da ita suke buga waya, da ita suke ragi. Ragin nan ne wurin tuntuɓe. In mai shago ya ce "da ba zhe", "ba" na nufin takwas, amma ba kashi 8 ya rage maka ba, nufinsa ka biya 80 cikin 100. Wanda ya ce tara ya fi wanda ya ce takwas tsada. Na ga sabon zuwa a unguwar Sanyuanli yana murna wai an ƙara masa ragi daga takwas zuwa tara. Karin sautin kam bai ba ni wuya ba, Bahaushe ya saba da shi tun daga gida.

Malam Na Ajin Hausa: Hajiya, a yi min afuwa, akwai gyara kaɗan. Tamu ma tana rufe zance idan aka ja ta: mutanen da, zamanin da. Rubutun boko ne bai nuna tsawon wasali ba. Ɗa kuma na haihuwa daban ne, masu rubutu a waya ne ke cinye masa lanƙwasa.

Maman Khalifa: Na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara sani.

'Yar Zongo: Gaisuwa daga Kumasi, iyayena da yayyena. A yaren Twi "da" kwanciya ce ko barci, da dare maƙwabciyata takan ce min "da yie", a kwana lafiya. Rana ce kuma, shi ya sa sunayen ranaku suke ƙarewa da ita: Fiada Juma'a, Memeneda Asabar. Yaran Zongo da Twi suke wasa a waje, su shigo gida su juya Hausa, ban taɓa jin ɗayansu ya haɗa biyun ba. Kakarmu ce dai har ta rasu in an ce mata "da yie" take amsawa da "Allah ya tashe mu lafiya".