Cikin kifin adona ya yi ja, namijin kuma ya koma faɗa

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da akwatin gilas na kifin ado a falo, a ciki akwai wasu biyu, mace da namiji, da mai sayarwa ya ce sunansu kribensis. Kwanan nan cikin macen ya yi jajawur, tana lanƙwashewa tana karkarwa a gaban namijin. Sun tone yashin ƙarƙashin ɓawon kwakwar da na kife musu, ta shige ciki ba ta fitowa, shi kuma duk kifin da ya matso sai ya bi shi da cizo. Maiɗakina ta ce ciwo ne, in zuba gishiri. Me kuka gani?

Malamin kimiyya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye gishirin nan, lafiyarsu ƙalau, ƙwai ta saka. Wannan kifi dangin karfasa ne, kuma ɗan gida ne: asalinsa rafukan kudancin Najeriya, musamman yankin Neja Delta, har zuwa gaɓar Kamaru. Masana na kiransa Pelvicachromis pulcher, tun 1901 aka rubuta bayaninsa. Namiji kan kai santimita 12, mace ba ta cika wuce 8 ba, amma ita ce mai kwalliyar, kuma ita ke fara neman namijin da jan cikin nan. Karfasar da muke ci, yawanci a cikin bakinta take renon 'ya'yanta, wannan kuwa rami yake nema, ta manna ƙwan a rufinsa ta zauna tana yi masa fifita, shi yana gadi a waje. Kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe, kusan mako guda za ka ga ta fito da su a bayanta kamar kaza da 'yan tsaki.

Hajiya, Mile 12: Ɗana, kada ka ɗaga kwakwar don leƙe. In suka tsorata, cinye ƙwan suke yi. Ni dai shawarata ka kwashe sauran kifayen, don muddin suna reno ba za su bar kowa ya sha iska ba.

Mai gyaran janareto, Obalende: Hajiya, a yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. In akwatin na da faɗi a bar sauran. In babu wanda za su kora, kan junansu suke komawa, wani lokaci macen ta yi wa namijin lilis. In ka ga haka, shi za ka cire. Abin da ya fi damuna wuta ce: in an ɗauke, injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya, ga zafin Legas. Nemi ƙaramin mai batir, ka kuma ɗaure soso a bakin matatar ruwan kada ta zuƙe 'ya'yan.

Malamin kimiyya: Gaskiya ne. Ruwan ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26, kada rana ta riƙa dukan gilas ɗin. In na famfo ne, ya kwana a bokiti kafin ka zuba, kuma kaɗan-kaɗan za ka riƙa canzawa. Sai 'ya'yan sun fara iyo za ka murje musu abincin kifi ya zama gari.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Akwatin ƙarami ne, don haka maganar Hajiya zan bi, maƙwabcina zai riƙe min sauran. Wa ya san inda ake samun injin mai batir kusa da Agege?