Wace manhaja zan sa ta riƙa yi min bakof a laftof ɗin gida?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana ku taimaka min da shawara. Laftof ɗaya ce gare mu a gida, Windows 10 ce a kai, kuma kowa ita yake taɓawa, ni ina rubuta furojet ɗina na digiri na biyu a ciki, maigida yana ajiye lissafin shago a Excel, ga hotunan biki da na suna da bidiyoyin yara tun suna jarirai, duka in an haɗa sun kai wajen giga 300. Kwanan nan ta fara wani ƙara daga ciki kuma tana daɗewa kafin ta buɗe folda, hankalina ya tashi sosai. Abin da nake yi dai shi ne in na tuna sai in kwafi furojet ɗin a filash, sauran kayan kam babu kwafinsu ko'ina. Ƙanena ya ce in saka Google Drive shikenan, wata kuma a makaranta ta ce a'a akwai manhajoji na musamman na bakof, wato ajiye kwafin kaya a wani wuri daban. Ni wacce za ta riƙa yi da kanta nake so, mara wahalar sarrafawa, in da hali ta kyauta. Wacce kuke amfani da ita?

Auwal Mai Gyara

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo maganar manhaja, wannan ƙaran da kika ce tana yi shi ne abin gaggawa. In ƙas-ƙas kike ji daga ciki ga kuma nauyin buɗe folda, to akwai yiwuwar had dis ɗin ne, wato ma'ajiyar fayiloli ta cikin laftof, ya fara gajiya, kuma irinsu ba sa sallama, yau yana aiki gobe ki kunna ki ga baƙin allo. Ki sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna miki lafiyarsa da kala, shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma ya kusa tafiya. Amma ko me ta nuna, yau ɗin nan ki nemi ekstanal, wato had dis na waje da ake jonawa, na tera 1 (giga 1000) ki kwafe furojet da lissafin shago da hannu tukuna, sannan hotuna, kar ki jira sai kin gama zaɓen manhaja.

Game da shawarar ƙanenki, Google Drive yana da amfani amma ba zai ɗauke miki wannan kayan ba. Giga 15 suke bayarwa kyauta kuma shi ɗin ma Gmail da Google Photos suna ci a ciki, har bakof ɗin WhatsApp na wayar Android tun 2024 a ciki ake lissafa shi. OneDrive giga 5 ne, Dropbox 2. Ko kin biya kuɗin ƙarin wuri, ki lissafa tura giga 300, in intanet ɗinki yana tura megabit 5 a sakan zai ci sama da awa 130 ba tsayawa, ga kuɗin data ga wutar nefa da ba ta zama. Babbar matsalar kuma ita ce aikinsu daidaita folda ne, abin da ya faru a kwamfuta shi zai faru a can, in yaro ya goge folda a nan to can ma ta tafi kwandon shara, bayan kwana 30 kuma Google ya share ta gaba ɗaya, ke kuma wataƙila sai bayan wata uku za ki nemi hoton.

Manhajar da zan ce ki fara da ita tana cikin kwamfutarki ma, sunanta File History, tun Windows 8 take nan. Ki shiga Control Panel ki neme ta, ki jona ekstanal ki kunna. Duk bayan awa ɗaya tana ɗaukar abin da ya canza a Documents da Pictures da Videos da Desktop, kuma tana ajiye tsofaffin kwafi, wato in kika ɓata babi na uku yau kina iya komawa ki ɗauko yadda yake makon jiya. Ga mai rubutun furojet wannan kaɗai ya isa dalili.

Abba_IT

Yaya Auwal na yarda da kai a maganar had dis amma File History ni ban cika sakin jiki da ita ba gaskiya. Na farko in fayil yana wata folda daban, misali a D: inda mutane da yawa suke zuba bidiyo, ba za ta taɓa shi ba sai an ƙara shi da hannu, kuma mai shi yana zaune yana zaton komai na shiga. Na biyu tana iya tsayawa shiru in harafin da Windows ke sa wa ekstanal, kamar E:, ya canza, mutum bai lura da ɗan saƙon da ta nuna ba. Na uku ba ta ɗaukar Windows ɗin kansa da manhajojin da ke kai, ranar da diski ya mutu sai an sake instolin ɗin komai daga farko.

Anti ni Veeam Agent for Microsoft Windows zan ba ki shawara, akwai na kyauta, sai dai za su nemi ki yi rajista da imel kafin ki sauke. Tana ɗaukar kwafin kwamfutar gaba ɗayanta, har da Windows ɗin, karon farko ne kawai yake daɗewa, bayan nan abin da ya canza kaɗai take ƙarawa. Abin da ya fi burge ni, ana iya saita ta da zarar an jona ekstanal ta fara aiki, in ta gama ta cire shi da kanta daga kwamfutar. Tana kuma haɗa miki filash na ceto wanda za a tayar da kwamfuta da shi a maido da komai kan sabon diski. Da can Macrium Reflect na kyauta kowa yake yabo amma kamfanin ya daina shi, tun farkon 2024 ba ya samun gyaran tsaro, in kin ga wani ya ɗora shi a wani shafi ki rabu da shi.

Kuma tunda kin ce Windows 10 ce, Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ko ba daɗe ko ba jima za ki kai a canza miki, to kar ki bari a taɓa ta sai kina da cikakken kwafi a hannu.

Sani Mai Hoto, Maraɗi

Hajiya ni sana'ata ɗaukar hoton biki, kayan mutane ne a hannuna saboda haka ba na wasa da wannan magana. FreeFileSync nake amfani da ita don hotuna da bidiyo, dalilina ɗaya ne, fayilolin suna zama a ekstanal yadda suke, ko a kwamfutar wa na jona zan buɗe in ga hotona ba sai da wata manhaja ba. Irin su Veeam suna dunƙule komai a babban fayil nasu, yana da kyau ga Windows amma ni hoton amarya ina so in gan shi da idona. Sai dai a kula, in kika zaɓi Mirror duk abin da aka goge a kwamfuta za ta goge shi a ekstanal, sai ki shiga saitin ki kunna Versioning ki ba ta folda, duk abin da za ta goge ko ta canza sai ta tura shi can.

Abin da nake so in ja hankalinki a kai shi ne kar ki bar ekstanal a jone dare da rana. Akwai bairos ɗin nan mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin STOP/Djvu, yawanci ta manhajojin kirak, wato na sata da aka fasa, yake shigowa, kuma gidan da yara ke sauke gem a ko'ina ai ƙofa a buɗe take. In ya shiga, duk abin da ke jone da kwamfutar sai ya kulle shi har da bakof ɗin. Haka in wuta ta dawo da ƙarfi ko ɓarawo ya ɗauki jakar laftof da ekstanal a ciki. Shi ya sa masu wannan harka suke da ƙa'idar 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wajen gidan. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Nawa na biyun yana gidan mahaifiyata, in na je gaishe ta sai in musanya.

Filash kuma dan Allah kar ki dogara da shi, jabu sun yi yawa, za a rubuta giga 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil kamar gaske sai ranar buɗewa ki tarar ya lalace. Akwai H2testw da ake gwada su da ita.

Maman Hanifa

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na gwada CrystalDiskInfo ɗin, ruwan ɗorawa ta nuna, maigida ya ce zai taho da ekstanal in ya taso daga kasuwa. Amma yanzu kun ba ni guda uku kaina ya ɗan ɗaure, kuma kuɗin ekstanal biyu a lokaci ɗaya zai yi mana nauyi. In guda ɗaya zan saya a yanzu, ya zan tsara?

Auwal Mai Gyara

Toh Hajiya tunda ruwan ɗorawa ne a daina aiki mai nauyi da ita, in ekstanal ya iso ki kwafe da hannu kamar yadda na ce, ƙananan fayiloli masu muhimmanci su fara shiga, in ta tsaya a kan wani fayil ki tsallake shi kar ki yi ta maimaitawa. Ki duba tsarin fomat ɗin ekstanal ɗin NTFS ne, don tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4 kuma bidiyon biki yakan wuce. Bayan nan a sa miki SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, a madadin tsohon diskin.

In an gama, Abba ya fi ni gaskiya a nan, ki sa Veeam ta ɗauki kwamfutar duka, ki ware rana ɗaya a mako, ko Juma'a da yamma, ki jona ta gama ki cire ki ajiye a durowa nesa da jakar laftof da zafin rana. Furojet da Excel ɗin shago kuma ba su da nauyi, su ne za su shiga Google Drive na kyauta, kin ga kwafinsu na wajen gida ya samu ba tare da kin kashe ko sisi ba. Hotuna su jira ekstanal na biyu in Allah ya hore, a lokacin sai ki bi tsarin Malam Sani.

Da zarar bakof na farko ya kammala ki buɗe Veeam ki maido da fayil ɗaya ko biyu zuwa Desktop ki ga ko suna buɗewa, ki riƙa yin haka lokaci-lokaci. In kuma kin sa wa bakof ɗin kalmar sirri ki rubuta ta a takarda ki ba maigida ya adana tare da takardun gida, don in ta ɓace babu mai gyaran da zai iya buɗe miki shi.