Mahaifiyata ta daina cin tuwo saboda ciwon sukari

Ɗan Ader, daga Tawa:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da aka auna jinin mahaifiyata a cibiyar lafiyar unguwarmu kafin ta karya kumallo, aka samu sukari giram 1,80 a lita, aka maimaita awon, sannan aka ɗora ta a kan metformin, maganin rage sukarin jini. Majinyata sun yi yawa a ranar, ba a ce mata komai ba illa ta kiyaye abinci. Tun daga nan ta ƙaurace wa tuwo da fura, sai zogale da jiƙon dogon yaro, har awarwaronta yana zamewa daga hannu. Shin haka ake nufi da kiyayewa?

Ma'aikaciyar jinya, daga Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Awon ya nuna ciwon, domin daga 1,26 ake tabbatar da shi, amma ba a hana ta hatsi ba, yawansa ne ake ragewa. Ta riƙa cin tuwo gwargwadon dunƙulen hannunta, rabin kwanon ya zama ganye irin su zogale, yakuwa ko kabeji, sauran kuma wake, kifi ko nama. Fura ta fi buƙatar lura, saboda abin da aka dama aka sha ya fi saurin ɗaga sukarin jini. Ludayi kaɗan da nono ya isa, ba tare da sukari ba. Ta yi tafiyar minti 30 sau 5 a mako idan rana ta yi sanyi, ku kuma duba tafin ƙafarta kowane dare, don ciwon yana kashe jin zafi.

Wani dattijo, daga Yamai:
Ɗana, shekarata 9 da wannan lalura, kuma ni ba tuwo ne ya wahalar da ni ba, shayin da muke sha a fada ne, wato majalisar hira, wanda ake zuba wa sukari tun daga na farko har na uku. Na koma zuma ina ganin na yi dabara, sai awo ya ƙaryata ni. Dabino ma haka yake.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba ya faɗi gaskiya. Ramar Inna kuwa kada a ɗora ta kan yunwa kaɗai, domin sukarin da bai sauka ba shi ma yana ramar da mutum. Ka raka ta cibiyar cikin makon nan a sake awo, ka gaya musu batun jiƙon, wanda ba ya maye gurbin magani, kuma ka tafi da kwanon da take cin abinci a nuna mata ma'auni a cikinsa.