Man krill: me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kalma nake nema. Jiya Goggona ta aiko a kira ni, na tarar da ita riƙe da wata 'yar kwalba da ɗanta ya aiko mata daga Ingila saboda ciwon gwiwa. Ta zazzago ƙwayoyin a tafin hannunta, jajawur masu sulɓi, kamar idon zakara. Ta sa allura ta huda ɗaya, wani jan mai ya ɗigo, ta shinshina ta yamutsa fuska. Ta ce, "Kai ɗan nan, man mene ne wannan? Ƙarninsa irin na busasshen kirafish ɗin miya." Na duba jikin kwalbar, an rubuta krill oil. Na buɗe baki in fassara mata, na ce "man…", sai na tsaya cak. Mun san man shanu, man gyaɗa, man kaɗanya, har man ayun da ake talla a tasha. Wannan fa? Ga shi ranar Asabar ina da shirin lafiya da zan fassara a rediyo, kalmar na ciki birjik. Uku ne suka tsaya mini: krill, omega-3, da supplement.

Mai kemis, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka. A shago "man kifi" muke cewa, in mutum ya ce wanne, mu ce ja. Jan man kifi, shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
A'a Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Krill ba kifi ba ne, kuma wannan ba gyaran Hausa kawai ba ne, batun rai ne. Dangin ƙaguwa da jatan lande ne, masu ɓawo a jiki. Akwai mutanen da ke cin kifi lafiya lau, amma da sun ɗanɗana jatan lande sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. In ka ce wa irin wannan mutum "man kifi ne", ya haɗiye da bismillarsa, wa ya jawo? Sunan da za mu sa dole ya nuna dangin abin.

Malamin kimiyya, Sakkwato:
Hajiya ta yi gaskiya. Bari in siffanta dabbar, don wanda bai ga jariri ba ba ya raɗa masa suna. Wanda ake tatsar mansa yana rayuwa ne a tekun da ya kewaye Antatika, can ƙarshen kudancin duniya inda ƙanƙara ba ta ƙarewa. Tsawonsa ba ya wuce santimita 6, wato bai kai ɗan yatsa ba. Jikinsa garai-garai ne da ɗigon ja, yana kuma ba da ɗan haske a cikin duhun ruwa. Ba ya tafiya shi kaɗai, gungu suke yi mai faɗin kilomitoci har ruwa ya rine. Abincinsa ƙananan gansakukar teku, kuma daga gansakukar nan maiƙon ya samo asali, shi tarawa kawai yake yi. Shi kuma shi ne tuwon babbar halittar tekun nan wel, dabbar da ta fi kowace girma a duniya, da tsuntsun fengwin. Kalmar kanta daga harshen mutanen Norwe ta fito, ma'anarta 'ya'yan kifi ƙanana. Kun ga ke nan su ma Turawan Ingila aro suka yi, ba su tsaya ƙirƙira ba.

Ɗan Damagaram:
To tun da gungu suke yi kamar fara, ga suna a hannu: farar teku. Larabawa ma suna kiran wani danginsa jaradul bahar, ma'anar ke nan. Mu da muke soya fara da yaji mu ci, ba za mu ƙyamaci man farar teku ba.

Mai tambaya:
Wallahi ɗan'uwa wannan ya yi mini daɗi a kunne. Na faɗa da ƙarfi sau uku a ɗaki.

Malamin Hausa, mai ritaya:
Ya yi daɗi a baki, amma ku rubuta shi ku gani. Boko ba ya nuna mana tsawon wasali ko karin sauti. Fara mai tashi da fara kishiyar baƙa, rubutunsu ɗaya. Yaro ya ga "man farar teku" a jarida, abin da zai fara zuwa masa shi ne wata teku ce fara fat, kamar farar ƙasa ko farar hula. A rediyo zai wuce, a takarda zai yi tuntuɓe. Kuma ya kauce wa abin da 'yata ma'aikaciyar jinya ta roƙa, don mai gudun jatan lande ba zai ji kansa a cikin "fara" ba.

Wani ya turo mini "ƙwaron teku" ta gefe. Wannan ku bar shi. Ba tsohuwar da za ka ce wa ta sha man ƙwaro ta sha.

Ni a ganina mu yi abin da kakanninmu suka yi wa burodi da buroshi da direba. Bahaushe ba ya haɗa baƙi biyu a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani. Saboda haka krill ya zama kiril. Lam ɗin ƙarshe wani lokaci takan koma ra, kamar tebur da fetur da fensir, amma "kirir" nauyi gare shi, ra biyu a jere. Muna da tawul da otal da kwal da suka riƙe lam ɗinsu, to kiril ya bi sahunsu. In aka ambace shi karo na farko a yi masa rakiya: kiril, wani ɗan mitsitsin jatan landen tekun ƙanƙara. Daga nan sai a ci gaba da man kiril kawai.

Malamin kimiyya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gyara kaɗan: a wurin masana ba jatan lande ba ne sak, ɗan'uwansa ne, zuriyarsu ta rabu. A ce "dangin jatan lande". Kuma ina roƙon masu fassara, in za a ambaci wel kada a ce giwan ruwa. Na taɓa jin haka. Giwan ruwa namu ne, yana nan a Tafkin Chadi da Kogin Kwara, shi ake farauta a gasar Argungu.

Mai kemis:
Na karɓi gyara. To supplement fa? Mu dai "maganin gina jiki" muke cewa.

Ma'aikaciyar jinya:
Kalmar magani ce ke ba ni tsoro, Alhaji. Da Bahaushe ya ji magani, ya ji waraka, sai ya ajiye na hawan jinin da likita ya rubuta masa. Ga abin da aka tabbatar: omega-3 wani irin maiƙo ne, nau'o'insa biyu da ake kira EPA da DHA jiki na bukatarsu, ƙwaƙwalwa da ido musamman, kuma suna rage wani nau'in kitse da ke yawo a jini, wanda ake kira tiragiliserayid. Wannan ba gardama. Hana ciwon zuciya kuwa, magana ta rabu. Wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2018, mai mutum sama da 25,000 da aka bai wa giram 1 na man kifi kullum, bai nuna raguwar manyan cututtukan zuciya gaba ɗaya ba. Masu shan mai yawa kuma an ga ƙaruwar rikicewar bugun zuciya a cikinsu.

Batun gwiwar Goggo, Malam, ka ji wannan da kyau. A Ostireliya an gwada man kiril kan mutum 262 masu ciwon sanyin gwiwa, giram 2 kullum har mako 24, aka buga sakamakon a 2024: ciwon bai ragu fiye da na waɗanda aka bai wa ƙwayar bogi ba. Wani gwajin kafin shi, a ƙasar dai, da giram 4, ya ga ɗan sauƙi kaɗan. Iyakar abin ke nan. In tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ta faɗa wa likitanta kafin ta fara.

Masu talla suna cewa ya fi man kifi saurin shiga jiki don maiƙonsa a ɗaure yake da wani sinadari daban, kuma jan launin nan na wani sinadari ne mai suna astazantin. Duka gaskiya ne game da abin da ke ciki. Sai dai ka juya bayan kwalba. Babbar lambar da ke gaba nauyin man ne, ba na omega ba. EPA da DHA ɗin da ke ƙwaya ɗaya ta kiril yawanci ba su kai na ƙwayar man kifi ba, kuɗinsa kuma ya fi. Hukumar kula da abinci ta Turai miligiram 250 na EPA da DHA ta ce ya ishi baligi a rana, abin da titus na kifin ƙanƙara ko kifin gwangwani sau biyu a mako zai ba ka.

Malamin Hausa:
To ai ta ba mu kalmar ba ta sani ba. Abin da abinci ya gaza kawowa ne ake cikewa. Ciko ke nan, kamar cikon kuɗi, cikon mudu. Cikon abinci.

Ɗan Damagaram:
Baba, kada dai ya zama cikon benci.

Malamin Hausa:
Ga wanda ke cin kifi sau biyu a mako, ai kusan hakan ne, ɗana. Omega kuwa ku bar shi yadda yake. Harafin ƙarshe ne a abajadin Girkanci, ana nufin wutsiyar sinadarin, 3 kuma gurbi na uku ne daga wutsiyar. In ka fassara sai ka ce "ƙarshe uku", ba wanda zai gane. Mu ce maiƙon omega-3. Na zaɓi maiƙo a kan kitse, don kitse daskarewa yake yi kamar na rago, wannan kuwa ruwa-ruwa ne ko a cikin sanyi.

Wata uwa, Maraɗi:
Ni tambayata ɗaya, halal ne?

Mai kemis:
Hajiya, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Abin dubawa shi ne fatar ƙwayar, don da jelatin ake yin ta, wani na saniya, wani na kifi, wani na alade. A karanta kwali, ko a nemi mai tambarin halal.

Malamin kimiyya:
Abu ɗaya da nake so ya shiga shirin, ko da jimla biyu ce. Kamun kiril ba sakaka ake yin sa ba. Akwai hukumar ƙasashe mai hedkwata a Hobat ta Ostireliya da ke kula da shi tun 1982, ta kuma sa iyakar tan 620,000 a shekara a yankin da aka fi kamawa. Jiragen Norwe ne kan gaba. Duk abin da aka kwasa, daga akushin wel da fengwin aka ɗiba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan shiga da shi ranar Asabar: "Man kiril, wanda ake samu daga wata 'yar halitta dangin jatan lande a tekun Antatika, cikon abinci ne mai ɗauke da maiƙon omega-3." Farar teku zan ajiye ta don kwatance, in ce suna gungu kamar fara. Saura abu ɗaya, Baba: kiril ne ko kiril ce?

Malamin Hausa:
Kiril ne. Ba ya ƙarewa da wasalin a, danginsa jatan lande ma namiji ne. Jam'i kuwa kada ka ƙirƙiro masa, ba mai ƙirga su ɗaya-ɗaya.

Mai tambaya:
Na leƙa wurin Goggo da yamma na gwada mata. Ta maimaita "kiril" sau biyu ba gargada, ta tambaya ko ana sa shi a miya. Na ce a'a. Ta tura kwalbar ƙarƙashin filo, ta ce in gaya wa ɗan nata, in zai sake aike, ya aiko da kuɗin a sayo mata titus.