Neman shawara: ina so in sauya wa kundina na intanet kama

Assalamu alaikum 'yan gida. Malamar firamare ce ni a nan Tudun Wadan Zariya. Ina da ɗan kundi a intanet inda nake rubuta abin da ya faru a yini: makaranta, biki, rasuwa, har da tsadar kayan miya idan ta ishe ni. Masu karantawa ba su da yawa, Hajiyarmu ce da yayyena da ke aure a Kaduna da Funtuwa. To, na gaji da kamanninsa. Bangon ruwan hoda ne mai furanni, rubutun kuma mai lanƙwasa irin na katin ɗaurin aure. Hajiya ta ce idonta har ruwa yake in ta karanta, kuma a wayarta duk inda ƙ ko ɗ zai fito, sai ta ga ɗan akwati. Ina so ya yi kyau, a gani a san na 'yar Zazzau ne. Ta ina zan fara?

Wani ɗalibin kwamfuta daga Samaru:
Wa alaikumus salam Anti. Kar ki taɓa launi tukuna, ki fara da haruffa. Akwatin nan ba laifin wayar Hajiya kaɗai ba ne. Salon rubutun da kika zaɓa ba a zana masa ɓ, ɗ da ƙ ba. Wata wayar takan aro harafin daga wani salon, shi ya sa za ki ga ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri a tsakiyar kalma. Wadda ba ta samu abin aro ba sai ta ajiye akwati. Ki gwada Noto Sans ko Noto Serif na Google, ko Charis da Andika na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna. Duk kyauta ne, kuma suna da haruffanmu. Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi, haruffansa a warware suke. Duk wanda kika ɗauka, ki rubuta ɓawo, ɗaki, ƙofa, ki sake rubuta su da manyan baƙaƙe, Ɓ Ɗ Ƙ, ki tura wa Hajiya ta duba a wayarta, ba a taki ba. Girman rubutu kar ya gaza 16. Kafin komai kuma, ki kwafe duk rubuce-rubucenki ki adana a wani wuri daban.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ɗab'i:
'Yata, yaron nan ya faɗi gaskiya. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, baƙar tawada kan farar takarda, kuma mutane sun karanta ta a zaure da fitilar ƙwai. Ado a saman shafin jarida yake tsayawa, ba ya shiga cikin labari. Furannin nan naki su ke kokawa da rubutun. Ki cire su. Layi kuma kada ya yi tsawo. Mu a aiki daga harafi 45 zuwa 75 ake so, in ya wuce haka ido kan ɓace wajen komawa layi na gaba. Ki riƙa yanka sakin layi, ki bar fili tsakani. Allah ya yi albarka.

Wata mai zane daga cikin Birni:
Ni batun "na 'yar Zazzau" zan yi magana a kai. Don Allah ban da dagin Arewa, ya cika ko'ina, daga leda har gefen Keke Napep. Ki shigo Birni da hantsi ki ɗauki zanen ƙofar fada, ko tsoffin zanen bango na gidajen ƙasa, ko Dutsen Kufena daga nesa. In gidan mutane ne ki nemi izini. Hoto ɗaya a sama ya isa. Daga cikinsa ki tsamo launi biyu, misali shuɗin baba na marina don kanun rubutu, da ruwan ƙasa mai haske sosai a bango.

Wani matashi daga Sabon Gari:
Ki mayar da bangon baƙi kawai Malama, shi ake yayi, kuma ba ya cin caji.

Ɗalibin Samaru:
Wannan sai wayar mai fuskar AMOLED ce, wadda ke kashe hasken duk inda yake baƙi, abokina. A kan waya mai fuskar LCD kuwa, fitilar da ke bayan fuskar na kunne ko bangon baƙi ne ko fari. Kuma tsohuwa a tsakar gida da rana tsaka, baƙin bango wahala zai ba ta. Ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1; baƙi kan ruwan ƙasa mai haske ya wuce haka nesa. Anti, hoton saman kuma ki rage shi, faɗin pixel (ɗigon hoto) 1200 ya wadatar, kar ki cinye wa yayyenki data.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, furanni sun tafi. Na sa Andika na tura wa Hajiya, ta ce akwatunan sun ɓace, sai dai a ƙara girma, na kai shi 18. Yaya mai zane, ranar Asabar zan shigo Birni in sha Allahu, ko za ki raka ni? Ban san gidajen da zanensu bai zube ba.