Daga sauraron rediyo zuwa kutsen kwamfuta: yaya Runduna ta 8200 ta Isra'ila ta faro?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum aka tashi maganar leƙen asirin Isra'ila sai in ji an ambaci 8200. Don Allah masana, mene ne asalinta, kuma yaushe aikinta ya wuce sauraro ya kai ga kai hari?

Ɗan_Sigina: Wa alaikumus salam. Sashe ne a ƙarƙashin Aman, hukumar leƙen asirin sojan Isra'ila. Da 515 ake kiranta, daga baya 848, sai bayan yaƙin da Masar da Siriya suka yi da Isra'ila a 1973 ta koma 8200. Aikinta na asali tatsar saƙonnin rediyo da tarho na rundunonin Larabawa, a warware na sirri, a fassara. Ran 6 ga Yuni 1967, ana cikin Yaƙin Kwana Shida, suka naɗi hirar shugaban Masar Nasser da Sarki Hussein na Jodan, inda suke shirya zargin Amurka da Birtaniya da shiga yaƙin.

Amma a ganina 1973 ce ta gina ta. Siriya ta ƙwace tashar sauraron Isra'ila da ke kan dutsen Hermon da kayan aikinta, aka kama wani jami'i da ya san sirri fiye da ƙima, ya kuma zazzage shi. Ga shi Eli Zeira, shugaban Aman, bai ba da izinin kunna na'urorin sauraro na musamman da aka dasa a Masar a kan lokaci ba.

Injiniya_K: Malam, batun hari kuwa, dubi Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010. Rahotanni sun danganta shi da 8200 da NSA, hukumar tatsar bayanan sirri ta Amurka, ko da yake babu gwamnatin da ta amsa a hukumance. Masana'antar tace yuraniyom ta Natanz a Iran, wadda aka nufa da harin, ba ta haɗe da intanet, shi ya sa aka yi shi ya riƙa yaɗuwa ta filashi. Ya bi ta ɓaraka 4 a Windows da ba a san da su ba, ya kuma yi amfani da sa hannun dijital (shaidar cewa manhaja ta gaskiya ce) na sata daga kamfanonin Realtek da JMicron. In bai tarar da na'urar Siemens mai irin tsarin da yake nema ba, sai ya yi lamo. In ya same ta, injin tace yuraniyom da ke juyawa sau 1,064 a daƙiƙa sai ya cilla shi 1,410, bayan makonni ya sauke shi zuwa 2, ƙarfen ya gaji ya tsage. Inda aka yi kuskure, ƙwayar ta fita daga Natanz ta bazu a duniya, har masu bincike suka farke ta.

Ɗan_Sigina: Haka ne ɗan'uwa. Abin da ke damuna, ciwon 1973 bai warke ba: ana jin magana, na sama ba su yarda da ita. Kafin harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 wata ma'aikaciyar rundunar ta yi gargaɗi kan atisayen Hamas, aka yi watsi da shi. Kwamandan rundunar, Yossi Sariel, ya sanar da murabus a Satumba 2024.