Neman kalmar Hausa: amsa saƙo ba tare da ka bar inda kake ba

1/
Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma. Kwana uku ke nan tana yi mini yawo a ka, kuma a shagon yayana da ke Kantin Kwari abin ya samo asali.

2/
Ranar Asabar bayan la'asar na tarar da shi zaune a kan benci tsakanin atamfofi, yana ƙoƙarin tura wa wani dila kuɗi. Lambar asusun tana rubuce a bayan rasit, lamba goma, yana dubawa yana dannawa. Ya kai ta bakwai ke nan sai saƙo ya faɗo daga saman waya: wata mai sayen kayansa ce daga Maraɗi take tambaya ko kayanta sun hau mota. Ya fita daga manhajar bankin, ya shiga WhatsApp, ya ba ta amsa. Ko da ya dawo manhajar ta kulle, tana neman lambar sirri daga farko. Ya sake shiga, ya sake fara lambar, wani saƙon ya sake faɗowa. Sau uku a gabana, dila kuma yana tsaye a bakin shago yana jiran alat.

Na ce, "Yaya, wannan karon kar ka fita. Dubi ƙasan saƙon." Ya danna ɗan rubutun da ke wurin, madannai suka fito nan take, ya rubuta "sun hau, gobe insha Allahu", ya tura. Saƙon ya janye sama. Manhajar bankin tana nan yadda ya bar ta, lambobinsa bakwai ko ɗaya bai goge ba.

Da ya sallami dilan sai ya ce, "To wannan mene ne sunansa da Hausa? So nake in koya wa yaran shago." Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba.

3/
Abin ba sabo ba ne. Apple ya sa shi a iPhone tun 2014, da fitowar iOS 8. Google kuma ya kawo shi Android a 2016, cikin Android 7 da ake kira Nougat. Manyan wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannayenmu a Kano duk a kan Android suke, saboda haka mafi yawan wayoyin da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre yau suna da shi. A iPhone danne saƙon ake yi a ɗan riƙe, a Android kuwa maɓallin amsa yana ƙasan saƙon. Da Turanci wasu na cewa "quick reply", Google na cewa "direct reply". Mu kuma shekara da shekaru muna amfani da shi, sunansa bai wuce "wannan abin da kake jawowa daga sama" ba.

4/
Mun ma fi waɗanda suka ƙirƙiro shi bukatarsa. Wayar da ƙwaƙwalwar aikinta giga biyu ce ko uku ba ta iya riƙe manhajoji da yawa a lokaci guda; da ka bar ɗaya, Android na iya rufe ta domin ya sama wa wadda ka shiga wuri. Manhajojin banki kuwa da gangan suke kulle kansu saboda tsaro. Mahaifiyata tana sauraron karatun tafsiri a YouTube bayan asuba, kuma idan ba mai biyan kuɗin wata-wata ba ne kai, da ka fita daga YouTube sauti ya ɗauke. Sai ta bar saƙon ƙanwata ya yi awa guda a ajiye don kada karatu ya katse mata. Ina so in iya ce mata, "Hajiya, ki yi mata kaza", da kalma guda wadda za ta gane ba tare da dogon bayani ba.

5/
Na fara da fassara kai tsaye: amsar gaggawa. Na faɗe ta a baki sau biyu na ajiye. A kunnen Bahaushe gaggawa tana tafe da tashin hankali: taimakon gaggawa, sashen gaggawa na asibiti, taron gaggawa. Ka ce wa Hajiya an yi amsar gaggawa, abin da za ta fara tambaya shi ne wa ya rasu.

Amsa nan take ma haka. Mutum na iya buɗe WhatsApp gaba ɗaya ya amsa nan take, kuma yana iya barin saƙon a sama har magariba sannan ya amsa daga can. Ashe sauri ba shi ne abin da ya bambanta wannan hanyar da sauran ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ka motsa daga inda kake ba. Duk kalmar da ba ta faɗi wannan ba, ta saki reshe ta kama ganye.

6/
Amsa kai tsaye: gidajen rediyo sun riga mu. Kai tsaye ya zama na shirin da ake watsawa a lokacin da ake yin sa.

Martani kuma ban ma tsaya a kansa ba. Martani na ɗan siyasa ne da abokin hamayyarsa.

7/
Kafin in ci gaba, mu tuna yadda kalmomin da suka zauna suka zauna. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mutane suka ce tafi-da-gidanka, kalmar da muke ji har a kotun tafi-da-gidanka. Gajeren saƙon nan mai haruffa 160 aka ce masa saƙon kar-ta-kwana. A-daidaita-sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, jama'a suka ɗauke shi suka liƙa wa babur mai ƙafa uku, yau har an gajarta shi zuwa ɗan sahu. Dukkansu jimloli ne da aka dunƙule suka zama suna, kuma kowacce tana zana hoton wani abu da muka sani. Manhaja kuwa tsohuwar kalmar makaranta ce, tsarin karatu, aka ba ta sabon aiki ta karɓa.

Ita kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk da kyanta, a rubutu da labaran rediyo ta tsaya. A kasuwa kwamfuta ake cewa, don ta fi sauƙin fita a baki. Wannan ne tsorona da irin su "amsa-daga-cikin-sanarwa" (sanarwa a nan ita ce saƙon da ke faɗowa daga saman waya): daidai take, amma babu yaron shagon da zai faɗe ta sau biyu.

8/
Ku kawo naku. Sharaɗina biyu ne: ta nuna cewa mutum bai bar wurinsa ba, kuma a iya sa ta cikin magana ba tare da harshe ya harɗe ba.

9/
Na dawo. Allah ya saka da alheri, ban zaci za a tattauna haka ba. Na karanta duka, ga waɗanda suka tsaya mini a rai.

Wata 'yar'uwa daga Gwale ta kawo amsa-ta-katanga. Ta ce haka matan cikin gari ke yi: maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambayi aron rariya, ki ba ta amsa hannunki na kan muciya, ba ki sa mayafi kin zagaya ba. Wallahi hoton ya yi daidai, na daɗe ina kallonsa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne "ta katanga" tana da wata fuskar. Wanda ya shigo ta katanga ɓarawo ne, abin da aka yi ta katanga kuma ba a bi ƙa'ida ba. Kada mu wayi gari mutane suna zaton wata hanyar leƙen saƙon wani ce.

Wani mai gyaran waya ya ce amsa-ta-taga. Tana da daɗin faɗa. Sai dai masu koyar da kwamfuta da Hausa sun riga sun ba taga aiki, ita ce filin da kowace manhaja ke buɗewa a ciki. Idan muka ce ta taga, ɗalibi zai ɗauka buɗe manhajar ake nufi, wato kishiyar abin da muke so.

10/
Wanda ya buɗe mini ido wani malamin firamare ne. Bai kawo kalma ba, labari ya ba da. Ya ce a gidansu, idan baƙo ya yi sallama a zaure, yaro ne ke shigowa ya ce, "Wai ana sallama da Baba." Wani lokaci Baba ya tashi ya sa hula ya fita. Wani lokaci kuma yana tsakiyar cin tuwo ko lazimi, sai ya ce wa yaron, "Je ka ce ina zuwa", ko "Ka ce ya dawo bayan isha'i." Baƙo ya sami amsarsa, Baba bai tashi daga buzunsa ba.

Wannan shi ne abin, babu ragi babu ƙari. Saƙon da ke faɗowa daga sama shi ne yaron. Buɗe WhatsApp shi ne sa hula a fita zaure. Abin da muke nema wa suna kuwa shi ne amsar da Baba ya bayar daga zaune.

11/
Amsa-daga-zaune.

12/
Ku gwada ta a baki. "Kar ka fita daga banki, ka amsa masa daga zaune." "Hajiya, ki amsa mata daga zaune, karatunki ba zai tsaya ba." "Wayar nan tsohuwa ce, ba ta da amsa-daga-zaune." Sa'ar da muka yi ita ce amsa suna ce kuma aikatau ce, saboda haka kalmar tana shiga ko'ina. Idan suna ce a sa mata karan ɗori, idan aiki ne a rubuta ta a sake. Kuma "daga zaune" ba ƙirƙirata ba ce: muna cewa mara lafiya ya yi salla daga zaune, wane yana samun kuɗi daga zaune.

Wani ya ce ai yana iya kasancewa a tsaye a layin gidan mai, ko a kwance. Gaskiya ne. Amma zama a Hausa ya wuce ɗora jiki a kan tabarma. Wanda yake zaune a Fagge yana zaune a Fagge ko da a wannan lokacin yana tafe a titin Zoo Road. Zama shi ne rashin barin wuri. Mai tafi-da-gidanka ma ai ba ɗaki yake ɗauke da shi a ka ba.

13/
Wani amfanin nata shi ne ta rufe 'yan'uwan abin. A 2013 Facebook ya fito da ɗan zagayayyen hoton nan na Messenger da ke shawagi a gefen fuskar waya, Android 11 kuma ya shigar da irinsa cikin tsarinsa a 2020. Siffarsu daban da ta saƙon da ke faɗowa daga sama, amma aikin ɗaya ne, duk daga zaune kake amsawa. Wanda bai shiga ciki ba shi ne 'yan gajerun amsoshin da waya ke tsara maka da kanta ka zaɓa, waɗanda suka zo cikin sanarwa da Android 10 a 2019. Wannan shiryayyiyar amsa ce, zancenta daban.

14/
Sukar da ta fi nauyi daga kawuna ta zo, kuma ba a rubuce ba, kirana ya yi. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da kake koya wa yara kuwa? A gidanmu babba ya kira ka ka amsa daga zaune, sai ka sha mari. Tasowa ake yi a zo a durƙusa."

Na ce, "Haka ne, Kawu." Na kwana ina juya maganarsa, kuma da safe na ga ita ce ma ta ƙara ɗaure mini kalmar. Ɗan filin da ake rubutu a ciki ƙarami ne, ba ka ganin dogon abin da aka faɗa a baya, sau da yawa layi ɗaya kake jefawa ba sallama ba gaisuwa. Tsakaninka da abokin ciniki ko ƙaninka babu laifi. Amma mahaifinka ko malaminka ya rubuto maka, ka mayar da "to" tsirara, shi ma zai ji a jikinsa cewa ba ka taso ba. "Quick reply" ba ta san da wannan ba. Amsa-daga-zaune kuwa duk ɗan da ya tashi a gidan Hausa yana jin ta zai san wa ake yi wa, wa kuma ake tashi dominsa. Kawu bai ce ya yarda ba, cewa ya yi in dai za a riƙa faɗa wa yara wannan ɗin, shi ba shi da ja.

15/
Tunda mai gyaran waya ya tuna mini, bari in isar: a wasu wayoyin ana iya amsawa ko fuskar tana kulle. Idan kana barin wayarka a wurin mai caji ko a kan teburin shago, duk wanda ya ɗauka zai iya ba da amsa da sunanka. A iPhone akwai wurin kashe wannan a saitin lambar kulle waya, a Android kuma ka duba saitin sanarwa ka ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya na kulle.

16/
Ni dai na tsaya a kan amsa-daga-zaune, kuma da ita zan je Kwari ranar Asabar in koya wa yaran shago. 'Yan'uwanmu na Sakkwato za su ce daga zamne, babu komai, kalma ɗaya ce. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ina so in ji ko ta zauna a kunnenku.

Saura shi kansa yaron da ke shigowa. Har yanzu sanarwa nake ce masa, amma sanarwa a wurina ta ɗaurin aure ce da ta cigiya a Rediyon Kano. Malamin nan ya ce a kira shi sallama. Masu ganin haka da masu ganin akasi, ku kawo hujja.